Malam Darwish Korkut na Bosniya: malamin da ya riƙe amana biyu

 

Mun saba kawo muku a wannan shafi tarihin malamai da bayin Allah waɗanda sunayensu ba baƙi ba ne a zaurukanmu. A wannan karo kuwa za mu yi nisan zango, mu tafi ƙasar Bosniya da ke cikin nahiyar Turai, domin mu ɗauko labarin wani malami da ya rasu tun shekarar 1969, wanda galibinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Dattawanmu suna tuna Bosniya da yaƙin da aka yi tsakanin 1992 da 1995, sa'ad da rediyo ke kawo labarin kisan da ake yi wa Musulmin can, masallatai kuma suna yi musu addu'a. To shekara hamsin kafin wannan yaƙi, an yi wani bala'i a garin nan na Sarayebo, amma a lokacin ba Musulmi ake farauta ba, maƙwabtansu Yahudawa ake nema a shafe daga doron ƙasa. Abin da Malam Darwish Korkut ya yi a waɗannan kwanaki shi ne maƙasudin rubutunmu.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Darwish Korkut a shekarar 1888 a garin Tarabnik, tsohon mazaunin gwamnonin daular Usmaniyya a Bosniya. Gidansu gidan ilimi ne, ya fitar da malamai da yawa. Daga cikin zuri'ar ne aka sami Besim Korkut, wanda ya fassara Alƙur'ani mai girma zuwa harshen mutanen ƙasar. Turkawa sun ci Bosniya tun 1463, kuma a ƙarƙashin mulkinsu ne Musulunci ya kafu a can, har aka wayi gari da Turawa farare masu salla da azumi, masu masallatai da makarantu da wuraren waƙafi. Amma lokacin da aka haifi Darwish, shekara goma ke nan da ficewar ƙasar daga hannun Turkawa, domin daular Ostiriya da Hangari ta mamaye ta a 1878. Ke nan ya tashi ne kamar yadda kakanninmu suka tashi, Musulmi a ƙarƙashin mulkin Nasara, yana neman yadda zai riƙe addininsa kuma ya san ilimin masu mulkinsa.

Ya yi karatun addini a jami'ar Santambul, ya ƙara da nazarin harsunan Gabas a jami'ar Sorbon ta birnin Paris. An shaide shi da sanin harsuna wajen goma, ciki har da Larabci da Turkanci da Faransanci da Jamusanci, kuma wannan na ƙarshe zai yi masa rana. A yaƙin duniya na farko ya yi limancin sojoji Musulmi. Bayan an kafa sabuwar ƙasar da daga baya aka kira Yugoslabiya, ya shugabanci sashen al'amuran Musulmi a ma'aikatar addinai da ke Belgirad, ya kuma riƙe muƙamin mufti a garinsu. A ƙarshe ya zauna a babban gidan tarihi na Sarayebo, shi ke kula da ɗakin littattafai. Mutum ne da ba ya rabuwa da jar dara a kansa, ga shi da son tsofaffin takardu.

A cikin wannan ɗaki ne amana ta farko take.

Littafin da ya fito daga Andalus

A shekarar 1492, wato shekarar da Garnaɗa, gari na ƙarshe na Musulmin Andalus, ta faɗa hannun sarakunan Kirista, aka ba da umarni cewa duk Bayahuden da bai bar addininsa ba ya fice daga Sipaniya. Sarkin Musulmi Bayazid na biyu ya buɗe musu ƙofofin daular Usmaniyya, suka bazu a Santambul da Salonika da sauran garuruwa, wasu kuma daga baya suka sauka a Sarayebo, inda aka gina musu wurin ibada a 1581. Suka zauna nan shekaru kusan ɗari huɗu, suna cin kasuwa ɗaya da Musulmi, suna magana da tsohon harshen Sipaniya a cikin gidajensu. Har ma a 1819, da wani gwamna azzalumi, Rushdi Basha, ya kama babban malaminsu Moshe Danon tare da wasu manyansu, ya ce sai an biya fansa mai nauyi ko ya kashe su, Musulmin garin ne suka taru a ƙofar gwamnan, suka sa aka sake su. Gwamnan Musulmi ne, waɗanda aka zalunta Yahudawa ne, amma mutanen gari ba su ruɗe ba game da inda gaskiya take. Malam Darwish ya gaji wannan tarihi, ya kuma san shi sarai.

Daga cikin abin da korarrun Andalus suka fito da shi akwai wani ɗan ƙaramin littafi da aka rubuta da hannu a kan fata, a yankin Barsalona, wajen shekarar 1350. Irin littafin da suke kira Hagada ne, wanda iyali ke karantawa a daren idinsu na tunawa da yadda Allah ya kuɓutar da Bani Isra'ila daga Fir'auna ta hannun Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. An ƙawata shi da ruwan zinariya da launuka, shafukansa na farko kuma cike suke da zane-zane, tun daga farkon halitta har zuwa rasuwar Annabi Musa. A wani shafi an zana iyali zaune a kan abincin idi, tare da su akwai wata mace baƙar fata, abin da ke tuna mana cewa Andalus ba ta da nisa da ƙasashen baƙar fata a wancan zamani. Littafin ya ratsa ta Italiya, inda a 1609 wani limamin Katolika mai binciken littattafai ya rubuta a ƙarshensa cewa bai ga abin ƙi a ciki ba, wannan ya tsirar da shi daga wuta. A 1894 wani iyali na Yahudawan Sarayebo da talauci ya matsa musu suka sayar da shi ga gidan tarihi.

Sai mu tsaya nan mu lura da wani abu. Wannan littafi ba namu ba ne. Addu'o'in da ke cikinsa ba addu'o'inmu ba ne, kuma zana siffar annabawa abu ne da shari'armu ba ta yarda da shi ba. Malam Darwish ya fi mu sanin haka, tun da mufti ne. Amma littafin ajiya ce da aka danƙa masa, kuma ba a ɗora wa mai ajiya sharaɗin ya so abin da aka ba shi ba; abin da aka ɗora masa shi ne ya mayar da shi yadda ya karɓa. Manzon Allah (S.A.W.), a daren da ya bar Makka, ya bar Sayyadi Ali a baya domin ya mayar wa Ƙuraishawa kayan da suka ajiye a wurinsa, alhali a daren nan ne suka kewaye gidansa da takubba.

Zuwan fitina

Tun kafin yaƙi ya iso, iskar ƙiyayyar da Hitla ya hura a Jamus ta fara kaɗawa a Yugoslabiya. A watan Oktoba na 1940 gwamnatin ƙasar ta kafa dokokin da suka taƙaita shigar ƴaƴan Yahudawa manyan makarantu, suka kuma hana su sarin kayan abinci. Malam Darwish bai yi shiru ba. Ya rubuta maƙala yana bayyana cewa ƙin Yahudawa domin jinsinsu baƙon abu ne ga Musulmin Bosniya, shigo da shi aka yi daga waje. A shekarar ce kuma ya auri wata yarinya mai suna Sarbet, ƴar ƙabilar Albaniyawa, wadda ya girme wa nesa ba kusa ba. Shi ya haura hamsin, ita ba ta kai ashirin ba.

A watan Afrilu na 1941 sojojin Jamus suka shiga Sarayebo. Cikin kwanakin farko aka fasa babban wurin ibadar Yahudawa, aka washe shi. Aka haɗe Bosniya da sabuwar ƙasar Kuroshiya da aka miƙa wa ƙungiyar Ustasha ta Ante Pabelic, waɗanda suka ɗauri niyyar gamawa da Sabiyawa da Yahudawa da ƙabilar Roma. Aka fara kwasar mutane zuwa sansanonin gwale-gwale, mafi muninsu shi ne Yasenobac. Yahudawan Sarayebo sun kai kimanin dubu goma kafin yaƙi. Mafi yawansu ba su ga ƙarshensa ba.

Jarrabawar da Musulmi suka shiga ta daban ce, kuma a ganinmu ta fi wuyar ganewa, domin ba da bulala aka zo musu ba, da zuma aka zo. Ustasha sun riƙa yabon Musulmi, suna ba wasunsu muƙamai, har suka mayar da wani babban gini a tsakiyar birnin Zagareb ya zama masallaci mai hasumiya uku. Abin da ake so a musanya shi ne su rufe ido, ko su sa hannu. Ba za mu ɓoye ba, akwai waɗanda suka karɓi tayin. Wasu sun shiga rundunar Ustasha, kuma a 1943 Jamusawa sun kafa wata runduna ta musamman da dubban samarin Musulmin Bosniya. Faɗin wannan ba daɗi, amma wanda ke son a yarda da shi in ya yabi nasa, wajibi ne ya faɗi laifin nasa.

Sai dai malamai ba su taru a kan ɓata ba. Ranar 12 ga Oktoba 1941, bisa jagorancin ƙungiyar malamai ta Al-Hidaya, wadda Shaihu Mehmed Hanjic, ɗalibin Azhar, yake cikin manyanta, mutum 108 daga shugabannin Musulmin Sarayebo suka sa hannu a wata takarda suna Allah wadai da kisa da kwasar dukiyar da ake yi, musamman a kan Sabiyawa, suna kuma barrantar addini daga duk Musulmin da ya shiga ciki. An yi irin wannan takarda a Mostar da Banya Luka da Tuzula da wasu garuruwa. Sunan Darwish Korkut yana cikin masu sa hannu. A ƙasar da ake ɗauke mutum da dare ba a sāke ganinsa ba, rubuta suna a ƙarƙashin irin wannan magana ba wasa ba ne.

Ranar da janar ya zo

A farkon 1942 labari ya iso gidan tarihi cewa Janar Yohan Fortna, kwamandan sojojin Jamus a garin, yana tafe. Jamusawa sun riga sun shahara da tattara littattafai da kayan tarihin Yahudawa a duk ƙasar da suka ci, saboda haka ba a yi shakkar abin da ya kawo shi ba. Malam Darwish ya je wurin shugaban gidan, Yozo Petrobic, wanda Kirista ne, ya roƙe shi ya ba shi littafin ya ɓoye. Shugaban ya tsorata, ya tuna masa cewa ransa ne yake sakawa a ciki. Daga ƙarshe ya yarda. Suka sauka inda ake kulle littafin, malam ya ɗauke shi ya soke a ƙugunsa, ya rufa da kwat.

Da janar ya iso, Malam Darwish ne tafinta, tun da shi ke jin Jamusanci. Aka zaga da baƙo, sa'an nan ya nemi a miƙa masa littafin. Aka amsa masa cewa ai wani hafsan Jamus ya riga ya zo ya karɓa. Ya tambayi sunan hafsan, aka ce ba su ga ya dace su tambayi hafsa sunansa ba. Duk wannan magana tana bi ta bakin mutumin da littafin ke manne da cikinsa. Janar ya fita a fusace.

Ruwayoyi sun saɓa a kan inda littafin ya ƙarasa kwanakin yaƙi. Wadda ta fi shahara, kuma ita ce aka samo daga iyalinsa, ta ce malam ya kai shi gida, daga nan ya miƙa shi ga limamin wani ƙauye a cikin duwatsun da ke kewaye da Sarayebo, aka sa shi tsakanin littattafan masallaci. Wata ruwayar ta ce a cikin ɗakin littattafan gidan tarihin ya saje da shi, inda babu mai iya tsinto shi sai shi. Ko wace ce daidai, abin da babu saɓani a kansa shi ne bayan yaƙi littafin ya koma mazauninsa, babu shafin da ya ɓace.

Wani ɗalibi zai tambaya, yaya malami zai yi ƙarya? Amsar tana cikin littattafan da muke karantawa kullum. Imam Gazali a cikin Ihya'u, da Imam Nawawi a babin da ya ware wa irin ƙaryar da ta halatta a cikin Riyadus Salihina, sun bayyana cewa idan mutum ya ɓuya daga azzalumi mai son kashe shi, aka tambaye ka inda yake, to ɓoye shi wajibi ne ko da ta hanyar faɗin abin da ba haka ba. Haka nan idan akwai ajiya a hannunka, azzalumi yana son ƙwace ta. Misalai biyu suka kawo, na ajiya da na rai. Ikon Allah, dukansu biyu sun sami Malam Darwish cikin shekara guda.

Amana ta biyu

Ba a yi wata nawa ba, wata rana malam ya dawo gida da wata budurwa a bayansa. Sunanta Mira Papo, Bayahudiya ce ƴar garin. An riga an kwashe iyayenta. Ta gudu daji ta shiga cikin mayaƙan sunƙuru masu yaƙar Jamusawa, amma da tsananin sanyi da yunwa suka matsa, aka sallame ta da wasu ƴan'uwanta samari, aka ce su koma gari, wato su koma bakin kura. Galibinsu an kama su. Ita kuwa ta yi ta gararamba har wani ma'aikacin gidan tarihi da ya san danginta ya gan ta, ya kai ta wurin malam.

Malam ya ce wa Sarbet wannan yarinya za ta zauna da su. Aka sa mata lulluɓi irin na matan Musulmi, aka kira ta Amira, aka gaya wa maƙwabta cewa ƴar aiki ce da aka kawo domin ta taya rainon jaririn da Sarbet ta haifa. Ta zauna wata huɗu ko fiye a cikin gidan, sojoji suna kai da kawowa a titi, kuma kowa ya san hukuncin wanda aka kama yana ɓoye Bayahude. Ba a nesa ba, wani attajiri Musulmi, Ahmad Sadik, an kai shi Yasenobac saboda irin wannan laifi, can ya mutu. Ƴarsa Zainaba Hardaga da mijinta Mustafa su ma sun ɓoye wani iyali a gidansu. Daga baya aka samo wa Mira takardun tafiya, ta fice zuwa bakin teku inda Italiyawa ke iko, ta tsira.

Mun fi son a tsaya a kan Sarbet kaɗan, domin masu ba da labari sukan wuce ta. Miji yakan fita aiki da safe. Ita ce ke wuni da baƙuwar, ita ce ke amsa sallamar maƙwabta, ita ce za ta kame fuskarta in an ƙwanƙwasa ƙofa, ga jariri a hannu, ga ƙuruciya. Kalma ɗaya da za ta suɓuce mata wurin hira ta isa ta halaka gidan gaba ɗaya. Ba ta suɓuce ba. Ba da mafaka kuwa aiki ne da mata suka daɗe da yi a cikin wannan al'umma: Ummu Hani ta ba wasu mushirikai daga dangin mijinta mafaka ranar buɗe Makka, Manzon Allah (S.A.W.) ya tabbatar da abin da ta yi, haka ma ƴarsa Zainab ta yi wa Abul Asi tun bai musulunta ba.

Mun san abin da ke zuciyar wasu masu karatu, gara mu faɗe shi a fili. Za su ce, yaya za a cika shafi da yabon wanda ya ceci Yahudawa, alhali ga abin da Falasɗinawa suka gani tun 1948? Ciwon Falasɗinu ciwonmu ne, ba mu taɓa sassauta magana a kansa ba, ba kuma za mu sassauta ba. Amma wadda ta tsaya a ƙofar Malam Darwish a 1942 ba gwamnati ba ce, ba soja ba ce ta mamaye gonar wani. Marainiya ce da ake nema a kashe saboda gidan da aka haife ta. Alƙur'ani ya karantar da mu cewa ba a ɗora wa rai laifin wani rai, ya hane mu a cikin Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci, kuma a cikin surar ne ya daidaita ceton rai guda da ceton mutane baki ɗaya. A Suratut Tauba, a tsakiyar ayoyin yaƙi, an umarci Annabi ya ba mushiriki mafaka in ya nema, sa'an nan ya kai shi inda zai aminta. Wanda ya iya yin kuka domin yaron Gaza amma ya ga laifin wanda ya ɓoye yarinyar Sarayebo, to ba zalunci yake ƙi ba, wani abu dabam yake ƙi, kuma ya kamata ya binciki zuciyarsa.

Sakayyar mutane

Da a tatsuniya ne, da sai mu ce yaƙi ya ƙare aka ɗaukaka malam. Ba haka aka yi ba. A 1945 ƴan kwaminis na Tito suka karɓi mulki, kuma ba su da buƙatar malamin addini mai faɗin ra'ayinsa. Janar Fortna dai an yi masa shari'a a Belgirad, aka kashe shi a 1947. Amma shi ma Malam Darwish an kama shi, aka tuhume shi da haɗa kai da ƴan mamaya, shi da ya sa ransa a kasada domin ya saɓa musu.

Akwai mutum guda da shaidarta za ta iya amfaninsa. Mira ta dawo gari, tana cikin sojojin sabuwar gwamnati. Sarbet ta gamu da ita a hanya, ta roƙe ta ta zo kotu ta faɗi abin da ta sani. Mira ta yi alkawari. Amma saurayin da za ta aura, wanda shi ma hafsa ne, ya hana ta, don tsoron abin da zai biyo baya. Ranar shari'a ba ta zo ba.

Aka yanke wa malam shekara takwas, ya yi shida a gidan kaso na Zenica, wani ɓangare a ɗaki shi kaɗai, yana dattijo mai shekara sittin da ɗoriya. Aka ƙwace abin da ya mallaka, Sarbet ta ɗauki ɗanta ta koma wurin danginta a Kosobo. Ba ma gaggawar jifar Mira. Yarinya ce da ta rasa kowa nata, ta ga abin da gwamnati ke iya yi wa mutum, tsoro kuma halitta ne. Amma ba za mu ce abin da ta yi daidai ne ba, ita ma ba ta ce ba, domin ta ɗauki nauyin abin a zuciyarta kusan shekara hamsin, tana zaton an kashe shi.

Da ya fito, ya koma ga abin da ya sani, wato tsofaffin takardu, ya yi aiki a gidan tarihin birnin Sarayebo. Iyalinsa suka dawo, Allah ya ba shi ƴa mace a tsufansa. Ya rasu a 1969 yana da shekara tamanin da ɗaya. Babu lambar yabo, babu wanda ya wanke sunansa a bainar jama'a yana raye.

Abin da ya biyo baya

A 1992 wuta ta sake tashi, wannan karo a kan Musulmi. Sojojin Sabiyawa suka kewaye Sarayebo kusan shekara huɗu. A watan Mayu suka ƙone Cibiyar Nazarin Gabas da littattafan hannu fiye da dubu biyar, na Larabci da Turkanci da Farisanci, har da na harshen Bosniya da aka rubuta da baƙaƙen Larabci, kamar dai ajaminmu. A watan Agusta babban ɗakin karatu na ƙasa ya bi. Gidan tarihi yana daidai bakin daga. Wani malamin jami'a Musulmi, Enber Imamobic, ya shiga tare da ƴan sanda ana ruwan harsashi, suka fito da littafin nan na Andalus, aka kulle shi a taskar babban bankin ƙasa. Karo na biyu ke nan Musulmi ya cece shi. A cikin waɗannan shekaru kuma ƙungiyar agaji ta ƴan tsirarun Yahudawan da suka rage a garin ta riƙa raba abinci da magani ga kowa ba tare da tambayar addini ba, ta kuma fitar da mutane da yawa daga garin, ciki har da tsohuwa Zainaba Hardaga a 1994.

Mira ta riga ta ƙaura zuwa Isra'ila. A shekarar 1994 wata jarida ta faɗo hannunta, ta karanta cewa ba a kashe Malam Darwish ba, ya rayu har 1969. Sai ta zauna ta rubuta shaidar da ta kasa bayarwa a kotu, ta aika wa cibiyar Yad Bashem da ke Ƙudus, wadda ke tattara sunayen waɗanda suka ceci Yahudawa a lokacin yaƙi. A watan Disamba na shekarar aka sa sunan Darwish da Sarbet a cikin jerin, aka ba iyalin takardar shaida. Shekara ashirin da biyar ke nan da binne shi. Shi kam takarda ba ta ƙara masa komi ba, ladansa yana wurin da ba a makara da shaida. Littafin kuma, hukumar UNESCO ta sa shi cikin taskar tarihin duniya a 2017.

Sai dai takardar ta yi wa wasu rana. A 1999 yaƙi ya ɓarke a Kosobo, inda ƴar malam take aure. Aka kore ta da mijinta daga gidansu a Pirishtina, aka cusa su cikin dubban ƴan gudun hijira zuwa iyakar Makedoniya, ba su fito da komi ba sai abin da ke jikinsu. A cikin aljihunta akwai kwafin takardar nan, wadda ta ɗauka don tunawa da mahaifinta, ba ta ma iya karanta rubutun da ke jiki ba. Da ta rasa inda za ta nufa, sai ta kai ta ofishin ƴan tsirarun Yahudawan birnin Iskofiye. Suka karanta, suka tashi tsaye. Cikin ƴan kwanaki aka sa ta a jirgi da mijinta, aka haɗa su da ƴaƴansu, aka ba su masauki. Mira ba ta ga wannan rana ba, ta rasu shekara guda kafin nan. Wanda ya zo filin jirgi ya tarbi ƴar Malam Darwish, ɗan Mira ne.

Allah ya jiƙan Malam Darwish Korkut da iyalinsa, ya yafe musu kurakuransu. Amin.